Ku Tambaya Mu Amsa: Kwanan Daji da Iyali a Mota Bayan Sanyi Ya Janye

Da zarar Maris ya kama, ƙanƙara ta fara narkewa, sai wasiƙun 'yan'uwa mazauna Amurka su yi yawa a kan abu guda: ɗaukar iyali a mota a je a kwana biyu ko uku a gandun daji lokacin hutun makaranta. Yawancin masu rubutowa abin da za su saya suke tambaya. A ganinmu kuɗin farko a shimfiɗa ya kamata ya tafi, sai lissafin nauyin da mota za ta ɗauka, lantarki ya zo daga ƙarshe.

Assalamu alaikum. Bara a tsakiyar Afrilu na kai iyalina sansanin Big Meadows da ke gandun Shenandoah a jihar Virginia. Da rana har zufa muka yi, amma da dare sanyi ya hana kowa runtsawa, duk da barguna biyu-biyu a kan katifar da ake hurawa. Ni da manyan yara muna tanti, uwargida da ƙananan suna cikin mota, suka tashi gilashi na ɗigar ruwa, bargo ya yi danshi. Me za mu gyara? — Magidanci daga Bronx, New York

Wa alaikumus salam, Malam. Barguna ba su yi laifi ba, katifar ce ta ba da ku. Iska ce zalla a cikinta, ƙasa tana sanyaya iskar, ita kuma tana yawo tana zuƙe ɗumin bayan mai kwance har gari ya waye. Bargon da ka shimfiɗa a kai nauyin jikinka ya riga ya danne shi, ba sauran ɗumin da zai riƙe. Ga shi kuma Big Meadows na kan tudu mai tsayin kimanin ƙafa 3,500, inda sanyi kan ɗara na kwarin da ke ƙasa da maki 10 na Faranhait. Hasashen yanayin da ka duba a waya tun kana gida, mai yiwuwa na garin da ke gindin dutsen ne.

Shimfiɗun kwanan daji suna zuwa da wata lamba da ake kira R, wadda ke nuna ƙarfinsu na tare sanyin ƙasa. Katifar hurawa ta gida da ƙyar take kai 1. Tabarmar soso mai tauri wadda ake naɗewa tana wajen 2. Daren da zai kusanci daskarewar ruwa yana son 4 ko sama da haka. Abin daɗin shi ne lambobin suna haɗuwa: tabarmar soso mai 2 a ƙasa, shimfiɗa mai 2.5 a samanta, ka sami 4.5. In ba ka son rabuwa da katifar taka, to a samanta za ka ɗora tabarmar soso, tsakaninta da jikinka.

Jakar barci kuma, wato bargon nan mai zif da ake shiga ciki a kwanta, kada lambar da aka buga da manyan haruffa ta ruɗe ka. Galibi wannan ita ce iyakar sanyin da namiji lafiyayye zai iya jurewa yana dunƙule. Lambar jin daɗi tana sama da ita da maki 10 zuwa 15, ita ce ta dace da mata da masu jin sanyi. Don Afrilun kan tudu, nemi wadda aka rubuta 20 na Faranhait. Kowa ya kwanta da hula da busasshiyar safa da ba a yini da ita ba. Kayan auduga, har da shadda da atamfa, idan sun sha gumi ba sa bushewa da wuri, sai su koma sanyaya jiki, don haka a kwana da na ulu ko na roba-roba. A cika gora mai kauri da ruwan zafi, a murɗe murfin sosai, a zura ta cikin safa, a sa wa yaro a ƙafa. Jinjiri kuwa ba a kwantar da shi a katifar hurawa ko kaɗan. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka ga duk wanda bai wuce wata 15 ba, saboda fuskarsa na iya nutsewa a ciki.

Ruwan da ke ɗiga daga gilashi numfashinsu ne. An rufe ko'ina saboda sanyi, tururin ya rasa mafita, ya bugi gilashi mai sanyi ya zama ruwa. A sauke gilashi biyu masu fuskantar juna kamar faɗin yatsa biyu, iska ta ratsa. Akwai 'yan marufan roba da ake mannawa a saman taga don ruwan sama kada ya shigo, akwai kuma ragar da ake sanya wa ƙofa ta hana sauro. Sauran tagogin a yanko musu takardar nan mai ƙyalli ta tare zafi daidai girmansu, a cusa. Jiƙaƙƙen takalmi da tawul su kwana a waje ƙarƙashin tamfol.

Tantin ma a duba shi: rufin sama ya sauko har kusa da ƙasa, ledar da ake shimfiɗawa a ƙarƙashinsa kuma kada ta leƙo waje. In ta leƙo ko da taƙi ɗaya ne, ita za ta tara ruwan sama ta tura muku ƙarƙashin shimfiɗa.

In sanyi ya yi tsanani, ba zan iya barin injin yana aiki da hita ba? Ko in shigo da ɗan risho ko kaskon gawayi bakin tanti na minti goma? — Mai karatu daga Philadelphia

A'a, ɗan'uwa, ko na minti biyar. Iskar da ke fita daga salansa da risho da gawayi ita ce dai ta hayaƙin janareta da muke jin ta hallaka iyali guda a ɗaki a gida Najeriya. Sunanta kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi. Alamunta na farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya, kuma yara take fara kayarwa. Mota a tsaye, musamman idan iska ta kwanta ko salansa ta yi tsatsa ta huje, hayaƙin yana taruwa a ƙarƙashinta ya shigo ta ƙofofin iska. Kaskon turaren wuta ma yana cikin lissafin.

Abin da za ka iya yi shi ne ka ɗuma motar kafin a kwanta, kowa idonsa biyu, sannan ka kashe ka zare makulli. Ka sayi na'urar gano wannan iska mai aiki da batir, ka ajiye ta kusa da kan masu barci. In ta yi ƙara, a fita fili tukuna, bincike ya biyo baya. Wanda ya ruɗe ko ya kasa tashi, a kira 911.

Muna da Toyota Sienna, mu shida ne. Ina son in ƙera gadon katako a baya, in kuma ɗora akwati a saman rufi don kaya sun yi mana yawa. Ta ina zan fara? — Magidanci daga Columbus, Ohio

Fara da buɗe ƙofar direba, Malam. A jikin ginshiƙinta akwai takardar da ta faɗi iyakar nauyin mutane da kaya gaba ɗaya. Mu ɗauka an rubuta kilo 590. Manya biyu da yara huɗu sun cinye wajen 290, saura 300. Ruwa lita 40 kilo 40 ne cif. Kula cike da abinci da ƙanƙara 30. Falanki guda mai kaurin milimita 19, mai faɗin ƙafa 4 da tsawon 8, ya kusa kilo 30 shi kaɗai, kafin a sa masa ƙafafu. Ƙara tanti da kujeru da risho da gas da tufafin mutum shida, za ka ga ka iso bakin iyaka ba ka sani ba. Motar da aka yi wa lodi fiye da kima tayoyinta suna zafi, birkinta yana ja da nisa kafin ta tsaya, kuma a gangaren dutse ake gane haka.

Gadon katako na masu tafiya su biyu ne, waɗanda suka bar bayan mota fili. Ku da kusan kowace kujera ke da mai ita, za ka ɗauko nauyin kilo 40 ne don wurin kwanan mutum biyu. Ga shi Sienna ƙirar 2021 zuwa sama ba a cire kujerunta na tsakiya, sai dai a tura su gaba. Shawararmu: akwatunan roba huɗu ko biyar masu girma ɗaya, kowanne da aikinsa a rubuce a gefe, na girki, na fitilu da igiyoyi, na busasshen abinci, na takalma. Da dare a sauke su, a kwantar da kujerun baya cikin raminsu, a cike inda bai daidaita ba da soso.

In ka nace sai gadon, to yi shi gida biyu da hinjis, rabi yana naɗewa a kan rabi lokacin tafiya. Tsayin ƙafafu santimita 25 zuwa 30 ya isa akwati ya shige ƙarƙashi. Kafin ka yanka komai, jera littattafai daidai wannan tsayin, ɗora katifar, ka zauna ka ga ko kanka na taɓa rufi. Huda ramuka a falankin don ƙasan katifa ya sha iska, in ba haka ba zai yi funfuna. Ɗaure shi da bel mai ƙugiya a zobban ƙarfen da ke daɓen mota, kuma kada ya toshe maka hanyar jak da safaya.

Rufin yawancin irin waɗannan motoci kimanin kilo 70 zuwa 75 yake ɗauka a kan tafiya. Littafin motarka zai ba ka ainihin adadin. Akwatin kansa da sandunansa sun ci kusan 25. Abin da ya rage na jakunkunan barci ne da barguna da matasan kai. Jarkar ruwa da batir da tukwane a ƙasa, a jingine da bayan kujera, kada komai mai nauyi ya wuce tsayin kujerar yara. Ka kuma sa rai da ƙarin kuɗin mai: alƙaluman hukumar makamashi ta Amurka sun nuna babban akwatin rufi na rage nisan da mai ke kaiwa da kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari a gudun mil 65 zuwa 75. Ana dawowa a sauke shi.

Iskar taya a auna da safe kafin a motsa, a bi lambar da ke takardar ƙofa. Wadda ke jikin tayar iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Duk saukar maki 10 na Faranhait taya na rasa kusan PSI ɗaya a ma'aunin iska, shi ya sa fitilar gargaɗi kan kama da asuba a kan tudu.

Maigida yana son sayen ƙaramin firiji na mota, ni kuma ina ganin kula ta isa. Kwana biyu muke yi, abincinmu na gida nake son yara su ci. Wa ya fi gaskiya? — Uwargida daga Silver Spring, Maryland

Hajiya, a kwana biyu ke ce da gaskiya. Ga lissafin da za ki nuna masa. Firijin mota mai kwamfiresa yana jan wajen wat 45 idan ya tashi, kuma a yanayi mai sanyi-sanyi kusan sulusin lokaci yake aiki. Sulusin 45 wat 15 ke nan, sau awa 24, wato wajen wat-awa 360 a yini. Batirin mota mai amfiya 60 duka-duka wat-awa 720 yake riƙewa, kuma an yi shi ne don ya ba da ƙarfi na daƙiƙa kaɗan ya tayar da inji. Yawan zuƙe shi yana kashe shi. Firiji dare guda, da cajin wayoyi, da fitilar but da aka bari a buɗe, da sanyin asuba, sun isa mota ta ƙi tashi. Ke nan firiji sai da batirin tafi-da-gidanka mai wat-awa 500 ko sama, wanda zai riƙe yini ɗaya da 'yan awanni, ya kuma buƙaci tuƙin awa huɗu zuwa biyar kafin ya cika daga soket ɗin mota. Irin na litiyam ba a yi masa caji idan sanyi ya kai na daskarewar ruwa. Faifan sola kuwa a ƙarƙashin bishiyoyin gabashin Amurka ba ya taɓuka abin kirki. Kuɗin nan gara a sayi shimfiɗu da ɗan batirin tayar da mota na aljihu.

Kula tana aiki idan an iya da ita. Ki sanyaya ta tun daren jiya da ƙanƙarar da za ki zubar da safe. Ki dafa jar miya ko miyar taushe, ki zuba a ledoji masu zif, ki kwantar su daskare shafal. Su ne ƙanƙararki, su ne kuma abincin dare na biyu. Gorunan ruwa da aka daskarar sun fi ƙanƙarar ƙwaya-ƙwaya daɗewa, ba sa kuma jiƙa burodi. Ɗanyen nama a can ƙasa cikin mazubi mai murfi. A ware wa yara ƙaramar kula ta abin sha, don buɗe-buɗensu ne ke kashe babbar. Ki jefa ma'aunin zafi a ciki: kada ya haura maki 4 na Salshiyas, wato 40 na Faranhait. Dafaffen abincin da ya yi awa biyu a waje a haƙura da shi. Kaza kuma sai cikinta ya kai 74 na Salshiyas.

Tuwo a bar shi sai an dawo, yana cin gas da babbar tukunya da ruwan wanke-wanke. Shinkafa, taliya, kuskus, garin kunu, dambun nama da yaji sun wadatar. Koren gwangwanin gas na Coleman mai fam ɗaya awa guda kacal yake yi idan an buɗe kan risho biyu har ƙarshe, don haka a tafi da uku. Siririn gwangwanin butan da ake kwantarwa a risho mai kai ɗaya yana mutuwa idan sanyi ya kusa sifili, daidai lokacin da ake neman shayin asuba. Furofen na koren gwangwani ba ruwansa da wannan.

Akwai baƙar beyar (bear), babbar dabbar daji mai bin ƙanshin abinci, a gandun Shenandoah da na Great Smoky Mountains. Ana gama ci, abinci da tukwane da shara su shiga mota a ɗaga gilashi, ko akwatin ƙarfen da aka tanada. Man goge baki da man shafawa da humra duk abinci ne a hancinta. In kuma a motar wasu za su kwana da taga a buɗe, to tun wajen kama wuri a nemi mai akwatin ƙarfe. A Yosemite ta California ma sam ba a yarda abinci ya kwana a mota ba.

Ba mu taɓa fita ba, yaranmu uku, ƙaramin shekararsa biyu. Ina ya dace mu fara, kuma yaya ake yi da salla da tsarki? — Mai karatu daga Newark, New Jersey

Fitar farko kada ta wuce tuƙin awa biyu, dare ɗaya tak, inda in abu ya ƙi za a iya naɗe kaya a koma gida. Ku na yankin New York ga gandun Harriman nan kusa, mutanen Columbus kuma suna da Hocking Hills. Kafin nan ma a kafa tantin sau ɗaya a bayan gida ko a falo, a ƙirga turaku. A isa sansani da sauran awa biyu kafin faɗuwar rana.

Sansanonin gwamnatin tarayya a Recreation.gov ake kama su, da yawa tun wata shida kafin ranar, kuma daren Juma'a da Asabar ne ke fara ƙarewa. Big Meadows kan buɗe a ƙarshen Maris, wasu sansanonin sai Mayu, wasu kuma suna buɗewa famfo a rufe don gudun daskarewar bututu. Wurare da yawa mutum shida suka ƙayyade a fili ɗaya. Mai yaro a aji huɗu na firamare ya nemi katin Every Kid Outdoors, wanda ke shigar da motar iyali gandayen tarayya kyauta, amma kuɗin kwana daban ne. Great Smoky Mountains ba a biyan kuɗin shiga, sai dai tun Maris 2023 ana sayen takardar ajiye mota, dala 5 a yini ko 15 a mako.

A hanya a tsaya duk awa biyu, a fito da ƙaramin daga kujerarsa ya miƙe. A cire masa rigar sanyi mai kauri kafin a ɗaure bel, a lulluɓa masa bargo daga sama, don rigar na sa bel ya yi sako-sako. Titin Skyline Drive mil 105 ne, gudunsa bai wuce mil 35 a awa ba, wato awa uku ba tsayawa. Kada taswira ta sa ka ɗauka gajere ne. A gangare a sa ƙaramin giya, kada a zauna a kan birki. A sauke taswira a waya tun daga gida, sabis yana ɗaukewa. In aka ji tsawa, kowa ya bar tanti ya shiga mota, sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba.

Ruwa, ƙa'idar da aka saba ita ce galan ɗaya ga kowane mutum a yini, kusan lita 4. Mu da ke alwala mu ƙara lita 2 ga kowane babba. Banɗakunan wasu sansanoni rami ne kawai ba famfo, don haka buta biyu, ɗaya ta tsarki ɗaya ta alwala, kuma ba a jefa tsumman goge jarirai a ramin. A cika filas da ruwan zafi da dare don sirka na alwalar asuba. A shimfiɗa leda kafin darduma, ƙasar Afrilu jiƙaƙƙiya ce. Alƙibla daga Virginia zuwa New York arewa maso gabas take, digiri 55 zuwa 59 daga arewa ta haƙiƙa. Mai amfani da kamfas na hannu ya ƙara 10 zuwa 13 saboda karkatar allurarsa a wannan yanki. A mazhabar Malikiyya tafiyar da ta kai kimanin kilomita 80 ana ƙasaru, muddin ba a yi niyyar zaman kwana huɗu ba.

An ce mana akwai kaska mai sa ciwo a dazukan nan. Kuma me ya sa aka hana zuwa da itacen wuta daga gida? — Uwa daga Hartford, Connecticut

Gaskiya ne, 'yar'uwa, a jiharku ma ciwon Lyme ya samo sunansa. Ƙananan kaskar da ke yaɗa shi suna yawaita daga Mayu, kuma ba su kai ƙwayar riɗi ba. A fesa wa wanduna da safa da takalma maganin da aka rubuta permethrin kashi 0.5 a jikinsa, a bari ya bushe kafin a sa. Ba a shafa shi a fata. Na fata shi ne mai DEET kashi 20 zuwa 30, ban da jinjirin da bai kai wata biyu ba. Kowane dare a duba yara da tocila: bayan kunne, tsakanin kitso, hammata, cibiya, bayan gwiwa. Yawanci sai kaska ta wuce awa 24 a manne kafin ta sa ciwon, shi ya sa duban dare ke da amfani. In an gan ta, a kama ta da hantsaki daf da fata a ja sama a hankali, ban da ashana ko basilin. Tabon ciwon yana fitowa tsakanin kwana 3 zuwa 30 bayan cizon, kuma a baƙar fata ba lallai ya yi ja ba, ya fi kama da wurin da aka buge. Shi ko zazzaɓi bayan an dawo, a ga likita a faɗa masa an shiga daji. Tufafin da aka dawo da su a jefa a injin busarwa minti 10 da zafi sosai.

Itace kuwa saboda ƙwari ne. Wani koren ƙwaro mai huda bishiyar ash, da aka fara ganowa kusa da Detroit a 2002, ya kashe miliyoyin bishiyoyi, kuma a cikin itacen wuta ya fi yin tafiya mai nisa. Jihar New York ta hana kai itacen da ba a gasa ba nesa da mil 50 daga inda aka saro shi, Great Smoky Mountains kuma sai mai hatimin an gasa shi. A saya a shagon sansani ko kusa da shi. Kafin a kwanta a kwara wa wutar ruwa, a juya tokar da sanda, a sake kwarawa, har sai an kusantar da bayan hannu ba a ji ɗumi ba.